Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Mai Kiwon Karen Fudul na Gaskiya da Gwaje-gwajen da Ya Kamata a Nema

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune da iyalina a bayan garin Katsina a kan hanyar Daura, inda nake da ɗan lambun mangwaro da gwaba, da kaji da 'yan tumaki a bayan gida. Ɓarayin kaji sun matsa mana, shi ya sa na yanke shawarar ajiye kare, sai dai ina tsoron manyan karnukan nan masu faɗa saboda jikokina suna yawan zuwa, kuma ɗaya daga cikinsu tana fama da asma. Ɗana da ke aiki a Abuja ya ce in nemi karen fudul, wanda masu talla ke rubutawa poodle, wai yana da basira kuma ba ya zubar da gashi. Ya turo mini hoton wani kwikwiyo da ake talla a Instagram daga Legas. Mai shi ya ce tsantsar asali ne, an yi masa allura, an ba shi maganin tsutsar ciki, likita ya duba shi, kuma da na tura rabin kuɗi zai sa shi a mota. Ta yaya zan gane mai kiwo na gaskiya, kuma wane gwaji ya kamata in tambaya?

Mai karatu daga Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba jikarka lafiya. Kafin komai, ina roƙonka kada ka tura ko sisin kwabo a matsayin kafin alƙalami, domin abin da aka kawo maka cinikin biri a sama ne. Ko da mai tallar mutumin kirki ne kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne, abubuwa ukun da ya lissafa ba su amsa tambayarka ba. Allura da maganin tsutsa suna kare kwikwiyo daga cututtukan da zai iya ɗauka daga waje, dubawar likita kuwa tana nuna halin da yake ciki a ranar da aka duba shi ne kawai. Cututtukan da suka fi wahalar da fudul na gado ne, yana zuwa duniya da su a jininsa, kuma yawancinsu ba sa bayyana sai ya shekara biyu ko uku ko fiye, lokacin da yara sun shaƙu da shi, mai sayarwa kuma ya daɗe da cin kuɗinsa. Saboda haka gwajin da ke da muhimmanci ga mai saye shi ne wanda aka yi wa uwar da uban tun kafin a haɗa su barbara. Masu dawaki a Katsina sun san wannan tun da daɗewa, domin babu ɗan wasan folo da zai sayi ɗan duƙushi don kyan gashinsa ba tare da ya tambayi ƙafar uwarsa da halin ubansa ba.

Ya kamata ka san wane fudul kake nema. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, wadda aka kafa a 1911 kuma ofishinta ke Beljiyam, ta kasa shi gida huɗu bisa tsayin kafaɗa: babba daga santimita 45 zuwa 60, matsakaici daga 35 zuwa 45, ƙarami daga 28 zuwa 35, sai ɗan mitsitsi daga 24 zuwa 28. A Amurka gida uku ake kasa shi. Don lambu irin naka babban ne kaɗai zai yi amfani, wanda nauyinsa kan kai kilo 20 zuwa 30. Asalinsa karen farauta ne da mutanen Jamus da Faransa suka raina don ɗauko agwagwar da aka harbo ta faɗa ruwa, shi ya sa yake da saurin koyo da son aiki tare da mutum. Zai yi haushi idan ya ji baƙon motsi da dare, amma ba karen kai hari ba ne, kuma idan aka ɗaure shi a bayan gida shi kaɗai ba mai kula da shi, zai lalace ya zama mai haushin banza ko mai tsoro. Ka kuma lura cewa 'yan kwikwiyo masu yawan gashi suna kama da juna a hoto, kuma a kasuwar karnuka ta Najeriya ba abin mamaki ba ne a haɗa Lhasa, wani irin ƙaramin kare mai dogon gashi, da wani kare mai gashi a sayar da ɗan da sunan fudul. Ganin iyayen ido da ido ne ke raba wannan gardama.

Batun asmar jikarka kuwa, gaskiya ne fudul ba ya zubar da gashi kamar sauran karnuka, amma abin da ke tayar da ciwon ga masu shi yana cikin yawun kare ne da ɗan garin da ke fita daga fatarsa, kuma babu karen da ba shi da waɗannan. Ka fara jin shawarar likitan da ke duba ta, idan ya amince a bar ta ta ɗan zauna kusa da babban fudul a ga yadda ƙirjinta zai yi, tun kafin a yi maganar kuɗi.

Yanzu ga gwaje-gwajen. Ma'aunin da aka fi dogara da shi shi ne wanda ƙungiyar masu kiwon fudul ta Amurka ta tsara tare da gidauniyar OFA, wadda tun 1966 take tattara sakamakon gwajin ƙashi da sauran cututtukan gado na karnuka. Ga babban fudul, na farko shi ne hoton ƙashin ƙugu. A lafiyayyen kare, kan ƙashin cinya yana zaune daram a cikin kwarmin ƙugu. A wanda ya gaji lalurar, kwarmin ba shi da zurfi, ƙashin yana ta gogar gefe har gaɓar ta cinye, sai ka ga kare mai shekara huɗu yana tashi da ƙyar, yana haɗa ƙafafun baya idan zai yi gudu. OFA ba ta ba da tabbatacciyar shaida sai kare ya cika wata 24, a Ingila kuma ana ɗaukar hoton daga wata 12 a ba da maki daga 0 zuwa 106, inda ƙarancin maki ke nuna kyan ƙugu, a ƙasashen da ke bin FCI kuwa ana sa harafi daga A zuwa E, kuma A da B su ne abin nema. Daga nan za ka gane cewa duk karyar da aka bari ta haihu tana da wata goma, ba a yi mata wannan gwaji yadda ya kamata ba, kome mai ita zai faɗa.

Na biyu shi ne duban ido a wajen likitan dabbobi da ya ƙware a kan ido, wanda ake sabuntawa duk shekara, domin yanar ido da lalacewar bayan ido na iya tasowa bayan an duba. Bayan waɗannan biyu ana so a ƙara aƙalla ɗaya daga cikin gwajin zuciya, ko gwajin jini na ƙullin maƙogwaro da ke daidaita aikin jiki, ko yankar ɗan ƙaramin yanki na fata don neman wata cuta da ke kashe mazubar maiƙon fata har gashi ya kakkaɓe.

Sai kuma gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, wanda a ganina shi ne mafi sauƙin fahimta kuma mafi wuyar yi wa ƙarya. Ana goga ɗan auduga a cikin kumatun kare a aika ɗakin bincike, sau ɗaya a rayuwarsa. A babban fudul ana neman cutar ƙwaƙwalwa ta jarirai da ake taƙaita sunanta NEwS, wadda ke sa kwikwiyo rauni da farfaɗiya ya mutu kafin ya kai mako bakwai, da cutar von Willebrand da ke hana jini saurin tsayawa idan an ji rauni ko an yi tiyata. A ƙananan fudul kuwa babban abin nema shi ne prcd-PRA, mai farawa da dundumi ta ƙare da makanta. Sakamakon kan fito iri uku: kare ba shi da ƙwayar, ko yana ɗauke da kwafi ɗaya, ko yana da biyu. Mai ɗauke da kwafi ɗaya na NEwS ko prcd-PRA lafiyarsa ƙalau, ba abin da ido zai gani a jikinsa. Amma idan aka haɗa masu ɗauke da ita guda biyu, kowane ɗan da za su haifa yana da kashi 25 cikin 100 na yiwuwar kamuwa, alhali da an haɗa mai ɗauke da ita da wanda ba shi da ita, ko ɗa ɗaya ba zai kamu ba. Wannan lissafi ne ya sa kalmar "iyayen lafiyarsu lau, ga su nan suna wasa" ba ta isa hujja ba.

Akwai kuma cututtukan da har yanzu babu gwajin da zai hango su tun daga nesa, kuma a nan ne ake gane mai kiwo na ƙwarai. Babban fudul ya yi suna da cutar Addison, inda wasu ƙananan sassa biyu da ke saman ƙoda suke daina fitar da sinadaran da jiki ke buƙata, kare ya riƙa amai da kasala yana warkewa yana komawa, har wata rana ya faɗi, kuma idan an gano ta magani ne na har abada. Akwai murɗewar ciki, wadda ke kama karnuka masu zurfin ƙirji: ciki ya kumbura da iska ya juya, kare yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, kuma cikin 'yan sa'o'i yana iya mutuwa idan ba a yi tiyata ba. Akwai farfaɗiya. A kan waɗannan abin da kawai za ka iya yi shi ne tambayar tarihin dangi: shekara nawa kakannin suka yi, me ya kashe su, ina 'ya'yan haihuwar baya suke. Wanda ya ce maka bai taɓa ganin wata matsala ba a duk zuriyar karnukansa, ko dai sabon shiga ne ko kuma ba ya bin sawun abin da ya sayar. Na fi natsuwa da wanda zai ce an taɓa samun cuta kaza a wajen ɗan karya kaza, shi ya sa ya daina haɗa ta da wancan namijin.

Na san za ka ce duk wannan tsarin Turai ne, kuma lallai masu kiwo kaɗan ne a ƙasar nan za su ajiye maka waɗannan takardu gaba ɗaya. Duk da haka abin bai gagara ba kamar yadda dillalai ke nunawa. Ana ɗaukar hoton ƙashi a asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, audugar gwajin DNA kuma ana aika ta waje ta hanyar masu kai saƙo. Idan mai kiwon ya ce daga waje ya shigo da iyayen, to dole akwai takardar asali da ta shigowa, kuma akwai 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuyan karen, mai lamba 15. Likita ya karanta lambar a gabanku a gwada da wadda ke kan takarda, domin takardar wani kare ba ta da wuyar samu. Idan an ce OFA ce ta ba da shaida, rumbun bayananta a buɗe yake a intanet, ɗanka zai iya sa suna ko lambar karen ya gani da kansa. Mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi ga babban fudul shi ne hoton ƙugun iyaye biyu tare da rahoton likita mai sa hannu, da sakamakon DNA na aƙalla ɗaya daga cikinsu da ke nuna ba ya ɗauke da komai. Ka kuma tambayi dangantakar uwar da uban, domin inda irin kare ya yi ƙaranci ana yawan haɗa uba da 'yarsa ko wa da ƙanwa, kuma ta wannan ƙofa ce cututtukan gado suka fi shigowa.

Sauran aikin na ƙafa ne. Ko kai ko ɗanka wani ya je gidan da aka haifi kwikwiyon, tare da likitan dabbobi da ku kuka zaɓa kuka biya, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Idan aka ce a haɗu a gidan mai ko a tasha, ku fasa. Ku ga uwar tare da 'ya'yanta. Karyar da ta shayar kwanan nan nonuwanta a sake suke, kuma 'ya'yan suna binta. Ku lura ko tana zuwa wajen baƙo da natsuwa ko tana maƙurewa a lungu tana rawar jiki, domin yawancin halinta za ku gani a ɗanta. A ɗaga leɓen kwikwiyon a ga dasashinsa, ya kasance ja-ja mai ɗanshi, domin fari fat alamar ƙarancin jini ce daga tsutsa ko kaska. A shinshina cikin kunnensa, a duba tsakanin yatsunsa, a ga ko gashin ƙarƙashin wutsiyarsa ya manne da zawo. Katin riga-kafi kuma ya kasance da kwanan wata, da 'yar takardar da aka ɓare daga jikin kwalbar allurar aka liƙa, da sunan likita da lambar rajistarsa ta Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Gidan da ke da iri biyar ko shida na karnuka kuma kullum akwai kwikwiyo a ƙasa, kasuwa ce kawai. Mai kiwo na gaskiya shi ma zai yi maka tambayoyi har ka fara gajiya, a kan inda karen zai kwana da wanda zai kula da shi, kuma zai yarda a rubuta cewa idan likitanka ya sami matsala cikin kwana biyu ko uku zai karɓi abinsa ya mayar da kuɗi.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas. Allurar farko ta haɗin cututtuka ana yin ta tsakanin mako shida da takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16, saboda haka "an yi masa allura" a bakin mai sayar da ɗan mako bakwai yana nufin an fara ne kawai. A wannan tsakanin ne cutar fabo mai zawon jini ke kashe su, kuma tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga Legas a cikin but ɗin mota ita ce irin wahalar da ke buɗe mata hanya. Allurar haukan kare ana yin ta yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma wannan don jikokinka ne kafin karen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana sarrafa wannan allura a cikin gida, kuma asibitin dabbobi na gwamnati shi ne wurin fara tambaya.

Abin da ɗanka bai faɗa maka ba shi ne wahalar gashin. Ba ya zuba sosai, amma ba ya daina tsiro, don haka sai an taje shi a kai a kai an kuma rage shi duk bayan mako huɗu zuwa shida. Ka tuna yadda ƙarangiya ke cika bakin lambu da kaka. A gashin fudul mai murɗe-murɗe takan shige ta dunƙule har fata, kaska kuma ta ɓuya a ƙarƙashi ta sa masa zazzaɓin da ke shanye jini ba a gani ba. Kunnuwansa masu faɗowa suna tara gashi da damshi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, dole ya sami inuwa mai iska da ruwa koyaushe, domin da haki kare ke rage zafin jikinsa. Malamai sun yi bayanin halaccin ajiye kare don tsaron gona da dabbobi, kuma wanda ya ajiye shi ya ɗauki amanar cinsa da shansa da lafiyarsa na shekara 12 zuwa 15. Idan buƙatarka ita ce a ji motsin ɓarawo kawai, ra'ayina shi ne ɗan karen gida daga uwar da aka san halinta, wanda aka yi wa allura aka raine shi cikin mutane tun yana ƙarami, zai yi maka aikin da kuɗi kaɗan kuma ya fi jure yanayinmu. Idan kuwa kana da mai kula da gashin da lokacin zama da kare, fudul daga iyayen da aka gwada ya cancanci jiran ko da wata shida ne.

TAMBAYA

Yayata da ta koma ƙasar waje ta bar mini 'yar ƙaramar karyar fudul mai shekara huɗu, ba tare da wata takarda ba. Wani lokaci idan tana gudu sai ta ɗage ƙafar baya ɗaya ta yi taku biyu ko uku sannan ta sauke, kuma kwanan nan bayan magariba tana cin karo da kujeru. Wani ya ce in ba shi ita a yi barbara mu raba 'ya'yan. Me za ku ce?

Mai karatu daga Daura

AMSA

Hajiya, kada ki ba da ita. Ɗage ƙafar da kika bayyana ya yi kama da gocewar ƙoƙon gwiwa, lalurar da ta yi yawa a ƙananan fudul, inda ƙoƙon ke zamewa daga gurbinsa ya koma. Likita yana gane ta da hannu ya sa mata mataki daga 1 zuwa 4. Matakin farko sau da yawa hana ƙiba da hana tsalle daga kan gado sun isa, na sama kuwa kan buƙaci tiyata. Karon da take ci da yamma ya fi damuna, domin shekarunta da yadda abin ya fara da duhu sun dace da prcd-PRA da na ambata a sama, ko da yake yanar ido ma na iya kawo haka, kuma duban ido da gwajin DNA ne za su bambance. Idan ita ce, ba ta da magani, amma ba ta da zafi, kuma kare yana sabawa sosai matuƙar ba a yawan sauya wa kayan ɗaki wuri, an kuma bar mata fitila a tsakar gida da dare. Duka lalurorin biyu ana gadonsu, saboda haka haihuwarta za ta raba matsalar ne zuwa gidajen mutane. Ki kai ta asibitin dabbobi a duba gwiwar da idon, a sake mata allurar haukan kare da ta haɗin cututtuka tunda babu katin da ke nuna an yi, sannan ki tattauna da likitan a kan yi mata aikin hana haihuwa.